Albarkacin kaza: shin tauraro ne ke kumbura darajar abokan wasansa a ƙwallon kwando?

Ranar 12 ga Yuni, 2023, saura kamar minti ɗaya da rabi a tashi wasa na biyar na wasannin ƙarshe na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, tsakanin Denver Nuggets da Miami Heat, ƙwallo ta bugi bakin kwando ta dawo. Bruce Brown, wanda kusan duk waɗanda ke tsaye a wurin sun fi shi tsawo, ya kutsa ya cafe ta ya mayar ciki. Denver ta shiga gaba, ba ta sake komawa baya ba, ta ɗauki kofin NBA na farko a tarihinta. Albashin Brown a wannan kaka bai wuce dala miliyan 6 da rabi ba. Ba a yi mako uku ba Indiana Pacers ta ba shi kwantiragin dala miliyan 45 na shekara biyu.

Nan take masu kallo suka rabu biyu. Wasu suka ce haƙƙinsa ne, guminsa ya ci. Wasu suka ce ai albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko: duk wanda aka ajiye kusa da Nikola Jokić, tauraron Denver, sai ya yi kyau, don haka Jokić aka biya da sunan Brown. Gardamar ba sabuwa ba ce. An yi ta kan abokan wasan Michael Jordan, an yi ta kan na Steve Nash da Jason Kidd, an shafe shekara ashirin ana yin ta kan duk wanda ya sa riga ɗaya da LeBron James.

Abin da na gamsu da shi bayan na daɗe ina bin wannan gasa shi ne, tauraro yana kumbura abu biyu ba shakka: alƙaluman abokin wasansa da kuma farashinsa a kasuwa. Amma amfanin da wannan abokin wasa ke yi a gefensa na gaske ne, ba zanen ƙarya ba ne. Inda ake yin asara shi ne lokacin da wata ƙungiya ta sayi rabin abin da mutum biyu suka haɗu suka gina, ta kai shi gida tana jiran ya ba ta duka. Shi ya sa kalmar "ɗan rakiya" da ake jifan irin waɗannan 'yan wasa da ita take ci mini rai. Laifin mai saye ne ake ɗora wa wanda aka saya.

Sai an fahimci yadda filin yake kafin a gane maganar. Mutum biyar ne a kowane ɓangare, ƙwallo ɗaya ce, daƙiƙa 24 ne kacal ake da su kafin a yi jifa. In kowane mai tsaro zai iya riƙe mutuminsa shi kaɗai, masu kai hari sun shiga uku. Abin da ya sa ake kiran wani tauraro shi ne mutum ɗaya ba ya iya riƙe shi. Dole na biyu ya bar nasa ya kawo ɗauki, kuma da zarar ya matsa, akwai wanda ya saura a fili ba kowa a kansa. Duk dabarun wasan nan, in aka tace su, a kan wannan taku guda ko biyu da mai tsaro ke yi suke.

Kowane tauraro da yadda yake jawo mutane. Shaquille O'Neal a zamaninsa yana jawo su ƙarƙashin kwando ne da ƙarfin jiki. LeBron da Giannis Antetokounmpo suna taho wa da gudu, sai an yi musu katanga da mutum biyu ko uku. Jokić yana tsayawa da ƙwallo a hannu yana kallon kowa, in ka juya kai na ƙiftawar ido ya riga ya miƙa ta bayanka. Stephen Curry na Golden State kuwa ko ba ya riƙe da ƙwallo, zagayen da yake yi kawai ya isa ya ja mutum biyu su bi shi nesa da kwando. A wasa na biyu na wasannin ƙarshe na 2019, kocin Toronto Nick Nurse ya sa mutum ɗaya ya manne wa Curry, sauran huɗun suka tsaya suna gadin yanki, dabarar da aka fi gani a wasan 'yan makaranta. Wanda ya ci ƙwallon da ta kashe wasan Andre Iguodala ne, abokin wasan Curry, yana tsaye shi kaɗai babu ko hannu a gabansa. Shi ya jefa, amma wa ya share masa wurin?

Tun kakar 2013-14 aka kafa na'urorin ɗaukar hoto a dukkan filayen NBA masu bin motsin kowane ɗan wasa, don haka yanzu ana iya sanin nisan mai tsaro daga mai jifa a kowace jifa. Abin da suka nuna bai saɓa wa abin da ido ke gani ba: jifar da aka yi a sarari, ƙafa a tsaye, bayan an miƙo maka ƙwallo, ta fi shiga nesa ba kusa ba a kan wadda ka ƙirƙira da kanka ana manne da kai. Ga kuma lungu, inda layin maki uku, wanda jifa daga bayansa ke kawo maki uku, ya fi kusa da kwando, ƙafa 22 maimakon 23 da inci 9 na tsakiya. Can ake ajiye masu dafa wa tauraro, su jira.

Ɗan lissafi kaɗan zai nuna girman abin. Mai cin kashi 40 cikin ɗari na jifar maki uku yana kawo maki 1.2 a kowace jifa. Mai cin kashi 34 yana kawo 1.02. A ido tazarar ba ta da yawa, amma a kasuwar NBA ita ce tsakanin wanda ake rububi da wanda ake neman hanyar rabuwa da shi. Kentavious Caldwell-Pope ya ci kofi da LeBron a 2020, ya sake ci da Jokić a 2023, kuma a kakarsa biyu a Denver bai sauka ƙasa da kashi 40 ba. Orlando Magic, wadda ke fama da ƙarancin masu jifa, ta ba shi dala miliyan 66 na shekara uku a 2024. Ya faɗo zuwa wajen kashi 34, kuma bayan kaka ɗaya aka haɗa shi cikin cinikin Desmond Bane aka tura shi Memphis. Hannunsa ne ya lalace cikin wata huɗu? Shekaru sun fara ja, gaskiya ne, amma babban abin da ya canza shi ne irin ƙwallon da ke zuwa masa da lokacin da take zuwa. Orlando ta sayo mai ƙarasawa alhali abin da ta rasa mai farawa ne.

Abin ya fi fitowa fili a wajen dogayen da ke tsayawa kusa da kwando. DeAndre Jordan ya fi kowa a gasar yawan kason jifar da ke shiga har kaka biyar a jere, daga 2012-13 zuwa 2016-17, duk a lokacin da Chris Paul ke cilla masa ƙwallo sama yana dannawa. A ta ƙarshen ya haura kashi 71. Paul ya koma Houston, kason Jordan ya sauko wajen 64. Har yanzu adadi ne mai kyau, kuma wannan ma abin lura ne: tsalle da tsawo nasa ne, ba wanda ya ba shi aro. Abin da Paul ya ƙara shi ne ɗan saman nan da ke mayar da nagari ya zama na ɗaya. Akwai kuma wanda kusan duk ginin na wani ne. Mikki Moore ya yi shekaru yana yawo daga ƙungiya zuwa ƙungiya, sai a 2006-07 ya samu kansa a New Jersey gefen Jason Kidd, ya zo na ɗaya a gasar da kusan kashi 61. Sacramento ta ba shi dala miliyan 18 na shekara uku, kuma bai kammala kwantiragin a can ba.

Wannan ɓangaren alƙaluma ke nan, kuma shi ne mai sauƙin ganewa. Wanda ya fi wuyar kamawa shi ne suna.

Ƙungiyar tauraro ita ake nunawa a talabijin, ita ke kaiwa watan Mayu da Yuni lokacin da sauran sun koma gida, duniya duka na kallon wasa ɗaya. Ƙwallon da ka ci a Yuni ta fi ɗari da ka ci a Janairu zama a zuciyar mutane. Mo Williams ya yi shekaru yana cin maki 17 a Milwaukee ba wanda ya kira shi gwarzo. Ya zo Cleveland gefen LeBron, ya ci kusan adadin nan dai, ƙungiyar ta yi nasara a wasa 66 cikin 82, sai ga shi a wasan taurari na 2009. Mutumin bai canza sosai ba, fitilar da ke kansa ce ta ƙaru. Da LeBron ya tafi Miami a 2010, Cleveland ta ci wasa 19 kacal, har ta yi rashin nasara sau 26 a jere.

Matthew Dellavedova, ɗan Ostireliya da ba wanda ya ɗauka a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2013, ya zama abin magana a Cleveland, inda LeBron ya dawo, a wasannin ƙarshe na 2015 bayan abokin wasansu Kyrie Irving ya ji rauni. Ya bi Curry kamar inuwa, ya ci maki 20 a wasa na uku, ya yi ta faɗuwa ƙasa yana kokawar ƙwallo har sai da aka kai shi asibiti bayan wasan saboda jikinsa ya ƙage. Wanda ya ga wannan dare ba zai manta ba, ni ma ban manta ba. A 2016 Milwaukee ta ba shi dala miliyan 38 na shekara huɗu ta sa shi cikin biyar ɗin farko. Kafin kakar ta ƙare sabon shiga Malcolm Brogdon ya karɓe wurin, kuma a Disambar 2018 aka mayar da shi Cleveland. Zuciyar da ya nuna a 2015 ba ta ƙarya ba ce. Wasa biyu ko uku ne dai ba su isa a auna mutum da su ba, kuma aikin da aka ba shi a Milwaukee ba shi ne wanda ya yi suna a kansa ba.

Sai kuɗi, kuma a nan dokar gasar tana da hannu fiye da yadda ake zato. NBA tana da iyakar abin da ƙungiya za ta kashe kan albashi, amma an yarda ta haura iyakar don ta riƙe ɗan wasanta na gida. To, ƙungiyar da ke da tauraro galibi ta riga ta haura. In mai dafa masa ya tafi, ba ta da kuɗin sayo kamarsa daga waje, ga shi shekarun ganiyar tauraro ba sa jira. Wakilin ɗan wasa ya san haka sarai. Tristan Thompson ya ƙi sa hannu har zuwa Oktoban 2015, sannan Cleveland ta ba shi dala miliyan 82 na shekara biyar, mutumin da a lokacin bai taɓa kai maki 12 a wasa ba a tsawon kaka. Wakilinsa Rich Paul ne, aminin LeBron kuma wakilinsa. An yi ta surutu. Amma a watan Yunin 2016, lokacin da Cleveland ta farfaɗo bayan an ci ta wasa 3 ta ci 1 a wasannin ƙarshe, ta doke Golden State ta ɗauki kofi, Thompson na cikin waɗanda suka riƙe wasan: yana kwaso ƙwallon da ta kuɓuce, yana iya fita ya tsaya gaban Curry ba tare da an wulaƙanta shi ba. A wata ƙungiyar kuɗin ya yi yawa. A Cleveland ta wannan shekara, wa zai ce an yi asara?

A yi hattara kuma da misalan 2016. A bazarar nan iyakar albashi ta yi tsalle daga dala miliyan 70 zuwa 94 saboda sabuwar yarjejeniyar talabijin, kuɗi ya yi wa kowa yawa a hannu. Timofey Mozgov na Cleveland, wanda da ƙyar ya taka fili a wasannin ƙarshe, ya samu miliyan 64 daga Lakers. Masu cewa kofin da ya ci da LeBron ne ya saya masa wannan kwantiragi sun manta cewa a makon nan an raba irin waɗannan kuɗaɗe ga mutanen da ba su taɓa zama ɗaki ɗaya da tauraro ba.

Yanzu ga ɓangaren da masu karin maganar kaza da ƙadangare ba sa son a taɓo. Akwai wata karin maganar da ta fi dacewa da filin ƙwallon kwando: inuwar giginya, na nesa ka sha. Wanda ke amfana da tauraro shi ne wanda aikinsa ya yi nisa da na tauraron, mai jira a lungu, mai tsalle a bakin kwando, mai tsaro. Wanda ke tsaye a gindin bishiyar, wato wanda shi ma sai da ƙwallo a hannu yake nuna kansa, rana ce ke dukansa. Chris Bosh yana cin maki 24 a Toronto, ya zo Miami gefen LeBron ya koma ƙasa da 19. Kevin Love ya bar Minnesota yana cin 26, ya sauka zuwa 16 a Cleveland gefen LeBron, aka yi ta tambaya ko ya manta wasa ne. Ƙwallo ɗaya ce, in tana hannun wani ba ta hannunka.

Waɗannan biyun aƙalla an san su kafin su shiga inuwa. Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya taso a cikinta, don ba wanda ya taɓa ganin iyakarsa. James Harden daga benci yake tasowa a Oklahoma City bayan Kevin Durant da Russell Westbrook, yana cin maki kusan 17. Da aka kasa daidaitawa kan kuɗi aka sayar da shi ga Houston a Oktoban 2012. Wasansa na farko ya ci 37, na biyu 45, ya gama kakar da kusan 26, ya zama gwarzon gasar a 2018. Jalen Brunson, wanda aka ɗauka na 33 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2018, ya yi shekara huɗu a Dallas yana jiran abin da Luka Dončić ya rage. A zagayen farko na wasannin neman kofi na 2022 Dončić ya ji rauni bai buga wasa uku na farko da Utah ba, Brunson ya ci 41 a wasa na biyu. Alamar ta fito ƙarara. Duk da haka da New York ta ba shi miliyan 104 na shekara huɗu, mutane da yawa sun ce an yi wauta, wai an biya mataimaki kuɗin shugaba. Ya ci 24 a kakarsa ta farko, kusan 29 a ta biyu, kwantiragin ya zama ɗaya daga cikin mafi araha a gasar. A nan tauraro bai kumbura kowa ba, rufe shi ya yi.

Gwaji mafi tsabta da tarihi ya ba mu shi ne na Chicago. Michael Jordan ya ajiye wasa a Oktoban 1993 bayan kofi uku a jere, kowa ya zuba ido ya ga rushewar waɗanda ake kira 'yan rakiyarsa. Ƙungiyar da ta ci wasa 57 tare da shi ta ci 55 ba shi. Scottie Pippen ya zo na uku a zaɓen gwarzon gasa, Horace Grant da B.J. Armstrong suka je wasan taurari karon farko a rayuwarsu. New York ta fitar da su a zagaye na biyu bayan wasa bakwai, wanda ya nuna abin da Jordan ke ƙarawa a lokacin da wasa ya yi tsanani. Amma wa ya isa ya sake cewa mutanen nan ba komai ba ne?

Kada dai a ruɗe a ɗauka duk wanda makinsa ya ƙaru bayan ya bar tauraro an danne shi ne a da. Harrison Barnes yana cin ƙasa da 12 a Golden State ta 2015-16 mai nasara 73. Dallas ta ba shi miliyan 94, ya koma cin 19, ƙungiyar ta ci wasa 33. Jerami Grant ya bar Denver a 2020 don yana son a ba shi ƙwallo, ya tashi daga 12 zuwa 22 a Detroit, ƙungiyar ta ci wasa 20 cikin 72. Ko a ƙungiya mafi rauni dole wani ya yi jifa, kuma mai yawan jifa zai tara maki. Masu nazarin alƙaluma sun daɗe da lura cewa yawancin 'yan wasa in aka ƙara musu kaya ingancin jifarsu na raguwa. Harden da Brunson sun ɗauki kayan ba su durƙusa ba, har ƙungiyoyinsu suka tashi da su. Wannan ne bambancin, kuma ba a ganinsa a yawan maki.

To ta yaya za a raba gudummawar mutum biyu da ke fili lokaci ɗaya? An ƙirƙiro ma'aunin da ke duba yawan makin da ƙungiya ta fi abokiyar karawarta da shi lokacin da wane ke cikin fili, sannan aka inganta shi ta yadda zai yi la'akari da waɗanda yake wasa tare da su da waɗanda yake fuskanta. Yana da amfani ƙwarai, sai dai yana da makanta ɗaya: in mutum biyu kusan kullum tare suke shiga tare suke fita, lissafi ba shi da yadda zai san na wane ne. Kuma koci mai hankali da gangan yake haɗa su, don ya ga suna yi wa juna kyau.

Draymond Green shi ne wannan matsala a cikin riga. An ɗauke shi na 35 a 2012. A kakar 2015-16 Golden State ta fi abokan karawarta da maki sama da 1,000 a mintunan da yake fili, adadin da ya ɗara ma na Curry. Sai ga 2019-20: Durant, wanda ya zo musu daga Oklahoma City, ya tafi, Klay Thompson na jinya, Curry ya karye a hannu ya buga wasa biyar kacal. Green ya ci maki 8 a wasa, jifarsa ba ta kai kashi 40 ba, ƙungiyar ta ci 15 ta sha kashi 50. Masu sukarsa suka ce magana ta ƙare, an ga tsiraicin kaza.

Ni ban ga haka ba. Abin da kakar ta nuna shi ne Green ba zai iya ɗaukar harin ƙungiya a kansa ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa zai iya. A duba abin da ke faruwa in mutum biyu suka rufe Curry a tsakiyar fili. Yana sakar wa Green ƙwallo, sai a koma huɗu da uku. Curry ne ya samar da wannan rinjaye, ba musu. Amma rinjayen na daƙiƙa ɗaya ne ko biyu, in wanda ya karɓi ƙwallon ya yi jinkiri, ko ya miƙa ta inda bai dace ba, masu tsaro sun dawo, an koma biyar da biyar, wahalar Curry ta tafi a banza. Da za a sa wani dogo marar irin idon Green a wurin, kowace ƙungiya za ta rufe Curry da mutum biyu ta kwana lafiya. Saboda Green ne dabarar take da tsada. Ga kuma tsaron da ya ba shi kyautar gwarzon mai tsaro a 2017, wanda shi ya ba Golden State damar sa gajeru biyar a fili ba tare da an tattake su ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma in an ɗaga ta, neman sanin hannun da ya fi ɗauka ba ya canza cewa in ɗaya ya saki za ta faɗi. Ba mu cika tambayar nawa ne daga cikin darajar tauraro abokan wasansa suka kumbura ba. Jokić ya zama gwarzon gasa a 2022, amma da babu abokan wasansa Jamal Murray da Michael Porter Jr., a wasa biyar aka sallame shi a zagayen farko.

Aaron Gordon ya sa na daina amfani da kalmar "kumburawa" ga wasu mutanen. Orlando ta ɗauke shi na 4 a 2014 ta so ta mayar da shi jagora, ya yi ta jifa daga nesa yana ƙirƙirar abin da ba gwaninsa ba, bai taɓa kai kashi 50 ba a shekarunsa a can. Ya zo Denver a Maris 2021, aka ce masa ka tsare mafi haɗari a cikinsu, ka ruga bakin kwando in mutuminka ya juya kai. A kakar da suka ci kofi ya haura kashi 56. Za a iya cewa Jokić ya kumbura shi. Za a kuma iya cewa Orlando ce ta daɗe tana sa shi aikin da ba nasa ba, kuma wannan na Denver shi ne ainihin mutumin. Na fi karkata ga na biyun, domin abin da yake yi a Denver da jikinsa da hankalinsa yake yi, kuma ba kowa ne zai yarda ya sauka daga kujerar jagora ya karɓi irin wannan aiki da zuciya ɗaya ba.

Tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa ke nan: cikin abin da mutumin nan ke yi, me ke farawa daga gare shi, me kuma yake ƙarasawa kawai? Abin da ke farawa daga gare shi zai bi shi duk inda ya je. Alex Caruso ya shigo gasar ba tare da an zaɓe shi ba, ya ci kofi da Lakers a 2020, har aka fara wasan da ya rufe gasar da shi. Da yawa sun ɗauke shi a matsayin wanda farin jinin Lakers da kusancin LeBron suka ɗaga. Lakers kanta ba ta biya abin da Chicago ta biya ba a 2021, miliyan 37 na shekara huɗu. A Chicago, inda babu LeBron, ya shiga sahun farko na gwanayen tsaro a 2023. Ya koma Oklahoma City ya sake cin kofi a 2025. Tsaro ba ya jiran a miƙo maka ƙwallo. Haka karanta wasa, haka saurin yanke shawara. Shi kuwa kason jifa, musamman na wanda ba ya ƙirƙirar jifarsa, aro ne rabinsa, kuma mai aron ba ya bin ka sabuwar ƙungiya.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, ƙungiyar tauraron ita ke fara biyan kuɗin wannan kumburi. Yarjejeniyar 2023 tsakanin gasar da ƙungiyar 'yan wasa ta kawo hukunci mai tsanani ga masu wuce wani mataki na kashe kuɗi, har da tauye musu damar ciniki da ta ɗaukar sabbin 'yan wasa. Tauraro na iya cinye kashi 35 cikin ɗari na iyakar albashi shi kaɗai, sannan ga shi duk wanda aka kawo masa da araha, cikin shekara guda ya mayar da shi mai tsada. Denver ta so riƙe Bruce Brown, amma da yake shekara ɗaya kawai ya yi a can, doka ba ta ba ta damar ba shi ko miliyan 8 ba, Indiana kuma ta ajiye masa fiye da 20 a shekara. Shekara mai zuwa Caldwell-Pope ya bi shi. A 2024 da 2025 Denver ta faɗi a zagaye na biyu, duka biyun a wasa na bakwai, kuma a duka biyun an ga ƙarancin mutanen da koci zai amince ya taso da su daga benci.

Shi kuwa Brown, bai yi wata bakwai a Indiana ba aka sa shi cikin cinikin Pascal Siakam zuwa Toronto a Janairun 2024. A can ya sha fama da gwiwa har aka yi masa tiyata, ya kuma samu kansa a ƙungiyar da ke sake gini, wadda ba ta da wanda zai jawo mutum biyu ya bar masa hanyar da ya saba bi ta bayan masu tsaro. Daga nan aka tura shi New Orleans a cinikin Brandon Ingram. Ya karɓi miliyan 45 ɗinsa cif, kuma ban ga dalilin da wani zai yi masa hassadarsu ba, don sana'a ce mai gajeren zango. Da kwantiragin ya ƙare a bazarar 2025, ya sa hannu na shekara ɗaya kan mafi ƙarancin albashin da doka ta yarda a ba mai shekarunsa a gasar, ya koma Denver gefen Jokić.